Wat 100 a Ƙofar Risiba: Martani ga Mai Cewa Kariya Ɓarnar Kuɗi Ce

Kwanakin baya wani marubuci, wanda daga alƙalaminsa an san ya daɗe a harkar rediyon sha'awa, ya fitar da maƙala yana kiran na'urorin kare risiba dabarar 'yan kasuwa. Ga wanda bai san harkar ba, masu rediyon sha'awa, waɗanda duniya ke kira 'yan ham, mutane ne da hukumar ƙasarsu ke ba lasisi su yi magana da juna ta iska, ba don neman kuɗi ba. Kowace ƙasa da harafin kiranta: na Nijeriya kan fara da 5N, na Nijar 5U, na Ghana 9G. Da yawansu yau ba sa tsayawa kan akwati ɗaya. Ga babban akwatin da ke aikawa yana karɓa, ga kuma wata risiba a gefe da eriyarta daban, galibi irin ƙananan nan masu suna SDR da ake haɗawa da kwamfuta don mutum ya ga zangon gaba ɗaya a allo. Abin da ake gardama a kai shi ne halin da wannan risiba ta biyu ke shiga a daidai lokacin da mai ita ya danna maɓallin magana.

A wurin marubucin, babu abin da ke samunta. Ya ce injiniyoyin zamani sun riga sun gina kariya a cikin kowace na'ura, ga kuma tsarin AGC da ke rage ƙarfin sigina da kansa. Wanda tsoro ya kama, ya rufe murya ko ya kashe risibar kafin ya yi magana. Ya nisanta eriyoyin biyu da 'yan taku, in kuma hankalinsa bai kwanta ba, ya liƙa diyod biyu na 'yan kuɗi kaɗan a mashigar eriya, an gama. Ya tuna wa masu karatu cewa magabata sun yi zamaninsu da akwatunan Collins da Hallicrafters ba su san wani akwatin kariya ba, shi kansa kuma ya shekara da shekaru yana haka bai taɓa ƙona komai ba. Abin da ya tunzura shi, kamar yadda ya bayyana, tausayin sabon shiga ne, wanda ya tara kuɗi da ƙyar ya sayi na'ura, sannan aka tsorata shi ya sayi wasu akwatunan. Wannan tausayi yana kan hanya, kuma gaskiya ne kasuwa na son mai tsoro. Sai dai shawarar da ya bayar, sabon shigar ne zai fara biyan kuɗinta.

A fara da lissafi, domin maƙalar ta tsallake shi kamar ba ya nan. Siginar da masu rediyo ke kira mai ƙarfi, wadda allura ke nuna S9 a gajeren zango, maikurobolt 50 ce kacal a mashigar risiba, bisa ma'aunin da ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, IARU, ta amince da shi a shiyyar da ta haɗa Turai da Afirka. Akwatin da aka saba gani a teburin ɗan ham yana fitar da wat 100, wato kusan bolt 70 a kan kebul. Idan aka kwatanta ƙarfin biyun, na biyu ya ninka na farko sau tiriliyan biyu. An ƙera risiba ta ji abin da ya gaza S9 nesa ba kusa ba. Ma'aunin maƙerin zinariya ce, marubucin kuwa yana cewa ba laifi a jingina mata buhun gero.

Masu ƙera na'urorin ma ba su ɓoye ba. Kamfanin SDRplay ya ce kada ƙarfin da ke shiga risibarsa ya wuce miliwat 1 a kai a kai, ko miliwat 10 na ɗan ƙanƙanin lokaci. 'Yar sandar nan ta RTL-SDR, wadda asalinta na kallon talabijin ce kafin masu ƙwaƙule-ƙwaƙule su mai da ita risiba a wajen 2012, iyakarta miliwat 10. Tsakanin wat 100 da miliwat 10 akwai ninki dubu goma, abin da ake kira desibel 40. Dole a samo wannan ragi a wani wuri, ko a tazara, ko a filta, ko a rile, wato makunnin da wuta ke motsawa. Shin kamfanin da ke son a sayi kayansa zai rubuta iyakar ƙarya don ya rage wa kansa kasuwa? Ko kuwa marubucin ya fi wanda ya ƙera na'urar sanin abin da za ta iya ɗauka?

Batun rufe murya bai cancanci dogon bayani ba. Maɓallin murya yana can ƙarshen na'ura, kusa da lasifika, wutar kuwa ta ƙofar gaba take shigowa. Haka AGC: sai siginar ta riga ta shiga, an auna ta, sannan ya ba da umurnin a rage. Aikinsa kare kunnen mai saurare ne. Kashe risibar ma bai cire ta daga eriya ba. Tiransisto na farko da ƙananan rasistocin mashiga suna nan a manne da waya, kuma zafi bai damu da ko allon na'ura yana haske ba.

Maganar kariyar da aka gina a ciki tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta fi sauran haɗari. Tabbas kowane akwati mai aikawa da karɓa yana da makunni a cikinsa da ke cire ɓangaren karɓa daga eriya idan zai aika. Amma akwatin kansa yake karewa daga kansa. Ina zai san cewa maƙwabcinsa na kan tebur ya fara magana? Akwati na biyu da ke saurare ƙofarsa a buɗe take hanhai, haka ma mashigar eriyar karɓa da wasu akwatuna ke da ita a baya. Akwai kamfanonin da suka yi tanadi, kamar Elecraft da ya sa wa K3 wani rile da ke tsinke mashigar idan sigina ta yi yawa. To, amma wannan ai hujja ce a kan marubucin. In da babu haɗari, me ya sa injiniyoyin suka ɓata kuɗinsu? Kuma wa ya ce 'yar sandar da aka saya da kuɗin cefane tana da abin da akwatin dubban daloli ke da shi?

Inda maƙalar ta fi yin sakaci shi ne tazara. "'Yan taku" ba ma'auni ba ne a rediyo, domin tazara da tsawon zango ake auna ta. A ɗauki eriya biyu irin ta waya mai rabin zango, dukkansu na mita 40, suna kallon juna a fili. A raba su da mita 40 cif, wato zango guda. Lissafin da kowane ɗalibin injiniyan sadarwa ya sani, wanda Harald Friis ya wallafa a 1946, yana nuna ragin bai kai desibel 18 ba. Ma'ana, daga wat 100 da aka aika, fiye da wat ɗaya da rabi zai sauka a eriya ta biyu. Wannan ya ninka iyakar RTL-SDR sau ɗari da ɗoriya, ta SDRplay kuwa fiye da sau dubu. Duk lokacin da aka ninka tazarar, desibel 6 kawai ake samu. Kafin a kai desibel 40 da tazara kaɗai a wannan zango, sai an yi tafiyar kusan rabin kilomita. Mutum nawa ne a cikin Kano ko Zariya ko Damagaram ke da gida mai faɗin rabin kilomita? A gidan birni, eriyoyin biyu kan kwanta ne a kan katanga ɗaya, wani lokaci ma a ɗaure da ƙarfe ɗaya.

A yi wa marubucin adalci a nan: ba kowace eriya ce ke kwasar wuta haka ba. Idan ɗaya a tsaye take ɗaya a kwance, ko ta karɓar 'yar ƙaramar zobe ce, ko tsawonta bai dace da zangon da ake aikawa a kai ba, ragin kan ƙaru sosai, har a tsira. Wataƙila tashar marubucin irin wannan ce. Amma sa'ar tasharsa ba doka ba ce ga tashar wani. Eriyar da ta yi lafiya a mita 20 tana iya zama masifa ranar da aka koma mita 40 tsawonta ya zo daidai da zangon. In kuma aka ƙara amfilifaya, lissafin ya sake: a Amurka doka ta yarda da wat 1500, ninki goma sha biyar ke nan a kan abin da aka lissafa a sama.

Sai magabata. Abin mamaki ne mutumin da ya san tarihi haka ya kira su shaida, domin shaidarsu ba ta goyon bayansa. A zamanin da risiba da tiransimita ke akwati daban-daban, kusan kowace tasha tana da rile, irin na kamfanin Dow-Key, wanda ke ɗauke eriya daga risiba kafin wuta ta fita. Risibar sojan Amurka R-390A, wadda Collins ya tsara a shekarun 1950, tana da rile da ke haɗa mashigar eriya da ƙasa idan tiransimitar da ke kusa za ta yi aiki. Kuma waɗannan na'urori masu bawul ne, kwalaben da ke aiki da ɗaruruwan bolt, waɗanda bolt biyu ko uku ba ya girgiza su. Duk da haka aka kare su. Tiransiston yau kuwa, wanda sai da madubin ƙara girma ake ganin ƙafafunsa, shi ne za a bari a fili? Tun 1936 Robert Page da abokan aikinsa a cibiyar binciken sojan ruwan Amurka suka ƙera makunnin da ya ba na'urar rada damar aikawa da karɓa da eriya ɗaya ba tare da ta ƙona risibarta ba. A yaƙin duniya na biyu, a ɗakin binciken rada na jami'ar MIT, an sha fama wajen gyara kwalaben gas da ke rufe hanyar risiba, saboda 'yar wutar da ke zillewa a farkon kowane bugu tana lalata diyod ɗin karɓa. Waɗancan ma 'yan kasuwa ne suka tsorata su?

Masu gasar rediyo na yau suna nan kan wannan turba. A gasar CQ World Wide da ake yi a ƙarshen Oktoba da ƙarshen Nuwamba, da taron fili na ƙungiyar ARRL da ake yi a watan Yuni, wanda aka fara a 1933, akan tara tiransimitoci da yawa a wuri ɗaya. Babu tashar kirki da ke shiga ba tare da filtar zango a kan kowane akwati ba, da guntayen kebul da aka yanka daidai gwargwado don su shanye siginar maƙwabci. Wani tsohon injiniya, George Cutsogeorge, mai lambar kira W2VJN, littafi guda ya rubuta a kan wannan matsala kaɗai. Mutanen da ke neman maki da kowace sakan ba sa ƙara akwati a layin eriya don ado. Sai dai filta ma da iyakarta: idan akwatunan biyu a zango ɗaya suke, ba ta da abin yi, domin abin da aka ce ta bari ya wuce shi ne ke yin ɓarnar.

Yanzu diyod biyun, waɗanda marubucin ya ɗauka maganin kowace cuta. Dabarar tsohuwa ce kuma tana da amfani. Akan ɗauki irin 1N4148 guda biyu, a juya kan ɗaya zuwa gindin ɗaya, a gicciya su a mashigar eriya. Duk wutar da ta haura wajen bolt 0.7 sai su zubar da ita ƙasa. Har nan babu gardama. Abin da bai faɗa wa masu karatunsa ba abu uku ne, kuma kowanne ya isa ya ɓata wa mutum dare.

Diyod ɗin gilashi irin wannan kusan rabin wat yake iya jurewa. Idan eriyar ta kawo masa wat biyu ko uku, shi ma zai mutu. In ya mutu a haɗe, risibar ta kurmance amma ta tsira. In ya mutu a tsinke, babu alamar komai, mai tashar yana ganin yana da mai gadi alhali ƙofa a buɗe take. Bayan haka, diyod da ke yanke kan sigina yana haifar da wasu sigina a ninkin zangon. Yankan da ya zo daidai sama da ƙasa ninki uku ya fi haifarwa, kuma ninki ukun megahaz 7, wato zangon mita 40, shi ne megahaz 21, wani zangon 'yan ham ke nan. Eriyar karɓar sai ta zama tiransimitar da ba a yi niyya ba, tana watsa datti a kan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, da lambar kiran mai lasisin a ciki. Na ukun ya fi shafar wannan yanki namu. Zangon 'yan ham na mita 40 a Afirka da Turai ya tsaya ne a kilohaz 7200, daga nan sai manyan gidajen rediyo na mita 41, waɗanda duk mai sauraren gajeren zango ya sani, wasu da kilowat 250 ko 500, har da Muryar Nijeriya da ta daɗe a kan 7255. Da magariba ta yi, doguwar waya kan kwaso su duka a lokaci ɗaya, kuma diyod kan fara gauraya su tun kafin wutar ta kai inda zai buɗe sosai. Sai allo ya cika da tashoshin da babu su. Mutum ya kare risibarsa, ya rasa abin da ya saye ta domin ji.

Akwai gyara, kuma ba mai tsada ba ne. Akan sa ɗan ƙaramin ƙwan fitila mai zare a gaban diyod ɗin. Yana sanyi ba ya tare komai, wuta na ƙaruwa zarensa ya yi zafi ya tare ta, in ta yi yawa ya tsinke kamar fiyus, kuma haskensa gargaɗi ne da ido ke gani. Akan jera diyod biyu ko uku a kowane gefe don kada su fara gauraya sigina da wuri, ko a sa filta a gabansu. Akwatunan da kamfanoni irin su DX Engineering da Array Solutions ke sayarwa, waɗanda marubucin ya yi wa dariya, wannan tunanin ne aka tace aka auna aka sa a gwangwani. Wanda ya iya riƙe ƙarfen dalma ya haɗa nasa, babu wanda ya ce dole sai na kanti. Abin da bai kamata ba shi ne a ruɗe da bututun gas na kariyar tsawa, wanda ba ya farkawa sai wuta ta kai wajen bolt 75 zuwa 90. Kafin nan risiba ta daɗe da yin sallama.

Kariyar da ta fi kowace tsabta ita ce rile da ke cire risiba daga eriya ya haɗa mashigarta da ƙasa, amma nan ma akwai tarko, wato lokaci. Rile ƙarfe ne da ke motsi, yana bukatar 'yan milisakan kafin ya rufe. Wasu akwatunan sai sun ji wutar rediyo sannan su motsa, ma'ana bugun farko ya riga ya shige kafin mai gadi ya tashi. Hanyar da ta dace ita ce a ɗauko umurni daga wayar maɓallin magana, a kuma jinkirta fitar wuta. Icom IC-7300, ɗaya daga akwatunan da suka fi yaɗuwa tun fitowarsa a 2016, yana da wurin saita wannan jinkiri daga milisakan 10 zuwa 30. Masu tura sigina zuwa wata ta dawo, waɗanda ke ɗora amfilifayar karɓa mai tsananin laushi a can saman eriya, na'ura ta musamman suke sawa da ke jera matakan ɗaya bayan ɗaya, saboda kuskure guda ya isa a hau hasumiya a sauko da ƙonanne. Irin wannan rile, idan an tsara shi ya bar eriya a haɗe da ƙasa lokacin da tasha ke kashe, yana kuma zubar da wutar da busasshiyar iskar hunturu da ƙurarta ke tarawa a doguwar waya.

Ragowar hujjar marubucin ita ce shi bai taɓa ƙona komai ba. Allah Ya ƙara tsarewa. Amma ta yaya ya sani? Risiba ba ta cika mutuwa da hayaƙi da ƙauri ba. Sau da yawa rasisto ɗaya ne ke sauya, ko tiransiston farko ya raunana, na'urar ta ci gaba da kama manyan tashoshi, ƙananan ne kawai ke ɓacewa. Mai ita sai ya ce yanayi ne ya lalace, ya ɗora wa rana da tabonta laifi, ya zauna jiran shekara mai zuwa. Kuma salon aikin ma ya sauya. Muryar mutum a makirufo hawa da sauka take yi, matsakaicin ƙarfinta kaɗan ne. Salon aikawa ta kwamfuta na FT8 kuwa, wanda Joe Taylor da Steve Franke suka fitar a 2017 ya mamaye zangunan, yana riƙe cikakken ƙarfi na kusan sakan 13 a jere, ya huta, ya sake, har tsawon dare. Kayan da suka jure gaisuwar murya shekara goma ba lallai su jure wannan ba.

Matsayin mai wannan martani bai sauya ba: duk risibar da ke da eriyarta kusa da tiransimita tana bukatar kariya, sai in awo ya nuna ba ta bukata. Awon kuwa ba shi da wuya, kuma shi ne abin da ya kamata maƙalar ta koya wa sabon shiga in har aljihunsa ake tausaya wa. A cire risibar, a sa rasisto mai om 50 da ke jure 'yan wat a madadinta. A fara aikawa da wat 5, a riƙa ƙarawa a hankali har wat 100, ana auna wutar da ke kan rasiston, a maimaita a kowane zango da kowace eriya. Mai 'yar na'urar NanoVNA ma ba sai ya kunna tiransimita ba: ya haɗa eriyoyin biyu a bakunanta, ta nuna masa desibel ɗin da ke tsakaninsu. Ga RTL-SDR, abin da ake nema shi ne ƙasa da bolt 0.7, ko ragin desibel 40 ga mai wat 100. Ga SDRplay, ƙasa da bolt 0.22, ko desibel 50.

Marubucin yana da tasha, yana da shafi a mujalla. Ya yi wannan awo a mita 80 da 40 da 20, ya buga lambobin da ya samu tare da tsawon eriyoyinsa da tazarar da ke tsakaninsu, don sabon shigar da yake tausaya wa ya kwatanta da katangar gidansu kafin ya danna maɓalli.